Abincin Ranar Marka, Daga Ina Zai Fito?

Allah ya kiyaye mana amfanin gona daga fari da ambaliya da tsutsa, amin.

Yau da zancen tukunya za mu fara. Kada wani ya ce malamin gona ya bar aikinsa ya shiga madafa, gama duk wahalar da mu ke sha, tun daga sharar gona har ran sussuka, cikin tukunyan nan ta ke ƙarewa. Wanda ya iya noma amma bai iya tanadin abin da iyalinsa za su ci da damina ba, rabin aikin ya iya.

Kowa ya san ranar marka, wadda mu a nan ƙasar Sakkwato mu ke ce wa malka. Ruwa ya sauko tun asuba, ba shi da ƙarfi, kuma ya ƙi ɗaukewa. Rana ta ɓuya, gari ya yi sanyi, kaji sun laɓe ƙarƙashin rumbu, ba mai iya zuwa gona balle kasuwa. A irin ranan nan ciki ya fi kuka, kuma ba ko wane abinci ya ke so ba. Fura sai ta jira gobe. Abin da rai ke bukata shi ne kunun tsamiya mai zafi wanda ya ji citta da kanumfari da masoro, ko koko da ƙosan da yanzu aka tsame daga mai. In an yi sa'a masarar bayan gida ta nuna, sai a karyo a ɗora kan garwashi, yara su kewaye murhu, kowa na tsaron tasa. Ga faten tsaki wanda ya sha rama da sure, watau yakuwa, da daddawa. Ga dambu da zogale. Ga kwaɗon tafasa da ƙuli-ƙuli da albasa da ɗan barkono. In damina ta ja gaba, ga dafaffiyar gyaɗa, wadda mu ke kira gujjiya, ga tumun sabon gero a babbaka a murje a tafin hannu, daga baya kuma ƙwaruru ya biyo. Wanda ya tashi a ƙauye, ko ya zama babban ma'aikaci a Abuja, da ya ji ƙanshin ƙasa bayan ruwa waɗannan ne za su faɗo masa a rai.

Abin da ya sa na ɗauko zancen nan, kwanan baya ruwa ya tsare ni a wani ƙauye kusa da Dogon Daji, na je duba wata gonar gwaji. Wani dattijo ya shigar da ni zaurensa. Bayan azahar sai ga yaro da kwanon kwaɗon tafasa da kunu mai zafi. Maigidan ya sunkuyar da kai ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, ba ka ishe komi ba sai haki." Na ce, "Baba, in wannan ne haki, Allah ya ƙara mana shi." Na cinye tas, har na suɗe kwanon.

Ashe tsohuwar gidan tana ji. Ta leƙo bakin zaure ta ce, "Ɗana, kai ne malamin gona? To, ku kuka kawo maganin nan da ya ƙone muna tafasa. Da can nan bakin gona ni ke cika faifai tun rana ba ta yi zafi ba. Wagga da ka ci, sai da jikata ta kai bakin fadama kafin ta samo ta." Na rasa abin da zan ce mata, domin akwai gaskiya cikin maganarta. Da hira ta yi nisa, maigidan ya gaya mini rumbunsa ya ƙare tun watan Yuni, kwano kwano ya ke awo, saboda ya sayar da yawancin hatsinsa da kaka ya biya bashin taki da na biki. Bayan gidansa kuwa, inda mahaifinsa ke shuka masara da kuɓewa, shekara 3 ke nan ba a sa masa fartanya ba.

Tun da na hau babur na dawo na ke juya abin nan. Abincin ranar marka daga wuri uku ya ke fitowa: rumbu, da bayan gida, da gefen gona. A gidan nan guda na tarar duk ukun sun rauna. Na kuwa san ba shi kaɗai ba ne, daga Sanyinna har Romon Sarki, daga Tambuwal har Kuchi da Margai a ƙasar Kebbe.

Kafin mu bi su ɗaya ɗaya, bari mu leƙa ƙasar Indiya, gama daminarsu da tamu kusan tare su ke tafiya. Ruwansu ya kan fara sauka a Kerala, can kudu, wajen 1 ga watan Yuni, ya yi ta hawa arewa, sa'an nan ya soma ja da baya cikin Satumba. Su ma suna da abincin da ba su jin daɗinsa sai ana ruwa. Akwai wanda su ke kira fakora: a yanka albasa ko dankali ko ganye, a tsoma cikin ƙullun garin wani irin wake nasu, a soya cikin mai, a ci da shayi mai madara da citta. In ka duba, ɗan'uwan ƙosai ne. Akwai kicari, watau shinkafa da ƙananan wake a dafa su luguf da gangamau da man shanu, shi kuma ɗan'uwan fate ne. Masara kuwa a bakin hanya su ke gasa ta kan garwashi kamar yadda mu ke yi, sai dai su su kan goga mata lemun tsami da gishiri da barkono. Ku gwada wannan bana, ba za ku yi nadama ba.

Abin da ya kamata mu lura da shi, duk abincin nan na talaka ne, daga gonarsu ya ke fitowa, amma ba su jin kunyarsa. Attajirinsu da malaminsu suna ci, suna rubuta shi a jarida, suna alfahari da shi. Har gero, wanda su ke kira bajara, ba su raina shi ba. Masu bincike sun nuna asalin geron nan namu ne, a yankin Sahel na Afirka ta Yamma aka fara noma shi fiye da shekara 4,000 da suka wuce, daga baya ya isa Indiya. Yau ba ƙasar da ta kai su noma shi. Su ne suka kai shawara gaban Majalisar Ɗinkin Duniya, aka amince a 2021, aka mai da 2023 shekarar gero da danginsa a duniya duka. Cibiyar binciken ICRISAT, wadda aka kafa a 1972 kusa da birnin Haidarabad, tana da reshe a Kano da kuma Sadore kusa da Yamai. Zogale kuma daga ƙasarsu ya zo mana. Watau mun ba su gero, sun ba mu zogale. Su sun ɗaukaka abin da muka ba su, mu kuwa muna ba baƙo haƙuri in mun kawo masa ganye. Ko a maƙwabtanmu na gabas, a Cadi da Darfur ta Sudan, ganyen tafasan nan da mu ke kira haki shi su ke tsimawa su yi wani abin miya mai suna kawal, wanda ke tsaya musu a madadin nama.

To, mu dawo gida. Na farko rumbu. Ba a fafe gora ranar tafiya. Kunun da za a sha cikin Agusta, tun Nuwamba a ke ajiye geronsa. Kowa ya san hatsi ya fi araha da kaka, ya fi tsada da damina, amma ko wace shekara sai mu sayar da arha mu sayo da tsada, wani lokaci ma a hannun mutumin da muka sayar wa. Bayan an janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023, wanda ya yi awo da daminar 2024 ba sai an ba shi labari ba. Dattawanmu da suka ga farin 1973 da na 1984 ba su wasa da rumbu, saboda sun ga ranar da kuɗi ke hannu amma babu hatsin saye.

Ga lissafi mai sauƙi. Daga farkon Yuni zuwa ƙarshen Satumba kwana 122 ne. Ka tambayi uwargida kwano nawa a ke ci a gidanka kullum. In 2 ne, kwano 244 ke nan. Ran da ka gama girbi, bayan ka fid da zakka, ka ware wannan tukuna, ka ƙara da iri, ka zuba a rumbu dabam, ka liƙe shi, ka ce wannan na damina ne. Abin da ya saura shi ne na biki da na sayarwa. In kana da akuya ko tunkiya, gara ka sayar da ita ka biya bashi da ka taɓa rumbun nan. Gero kuma ya fi daɗewa in an bar shi a zangarniyarsa, kamar yadda kakanninmu ke yi, da a sussuke shi a zuba a buhu.

Wake fa, wanda ba ƙosai sai da shi? Yawancinmu muna sayar da shi da wuri don tsoron ƙwari, waɗansu kuma su zuba masa maganin da ba a yi shi don abinci ba. Saboda irin wannan ne ƙasashen Turai suka hana shigar da busasshen waken Nijeriya a 2015. Abin da Bature ya ƙi ci, don me za mu ba 'ya'yanmu? Akwai buhun nan mai riɓi uku da a ke kira PICS, leda biyu a ciki, buhu a waje. A shanya wake ya bushe ƙayau, a zuba, a matse iska, a ɗaure ko wane riɓi dabam. Ƙwaron da ke ciki iska za ta ƙare masa ya mutu, ba tare da ɗigon magani ba. Jarka ko duro mai murfi mai kamawa sosai shi ma yana yin aikin, muddin an cika shi, kuma ba a taɓa zuba mai ko magani a ciki ba. Gyaɗa da masara kuwa a tabbata sun bushe kafin ajiya, a ɗaga buhu daga ƙasa. Duk ƙwayar da ta yi fumfuna a zubar, kada a ce za a yi ƙuli-ƙuli da ita, domin dafin fumfunan nan yana lalata hanta, kuma wuta ba ta kashe shi. Kada a manta da itace da kara. Gida na iya samun hatsi ya kwana da yunwa ran marka don icen ya jiƙe. A tara busasshe ƙarƙashin rumfa tun bazara.

Na biyu bayan gida. Babu ƙasar da ta kai ta bayan gida ƙarfi, gama nan toka da shara da kashin awaki ke taruwa shekara da shekaru. Iyayenmu sun san haka, shi ya sa su ke shuka masara a nan, ita da ke son ƙasa mai taki. Yanzu akwai irin masara mai saurin nuna daga cibiyar bincike ta Samaru, Zariya, wadda ke bushewa cikin kwana 80 zuwa 90, ɗanyarta kuwa ta gashi tana samuwa tun kafin nan da kamar mako 3. Wanda ya shuka tsakiyar Yuni zai ci gasasshiyar masara cikin Agusta, daidai lokacin da rumbu ke kuka. A bar ƙafa biyu da rabi tsakanin kunya da kunya, inci 10 tsakanin shuka da shuka, tsiro ɗaya a rami. A gefe a sa kuɓewa da rama da sure da alayyafo, a bar kabewa ta hau danga. Akwai wake mai kwana 60 zuwa 70, akwai gyaɗa SAMNUT 24 mai nuna da wuri, akwai gero SOSAT wanda cibiyar binciken Tafkin Cadi da ke Maiduguri ta fitar. Ba na ce a bar irinmu na gado ba, ko wane da ranarsa. Amma ɗan yanki na iri mai sauri shi ne gadar da za ta ƙetare da gida daga tsohon hatsi zuwa sabo.

Zogale kuwa ba shi da wahala. A saro reshe mai kauri a kafa jikin danga da farkon damina, sai a kare shi daga awaki. Gindi 5 ko 6 sun ishi gida kwaɗo da miya. Ganyensa da na rama da alayyafo suna ƙara jini, suna taimakon ido, ƙuli-ƙulin da a ke kwaɗawa da shi kuma yana gina jiki. Da damina ne yara suka fi ramewa, ga zazzaɓin sauro, ga ƙarancin abinci, kuma lokacin ne mai goyo da mai ciki ke fama. Taliyar leda da burodi suna cika ciki, ban ce kada a ci ba, amma da kuɗi a ke sayensu, kuɗi kuwa shi ne abin da manomi ya fi rasa cikin Agusta. Guntun gatarinka ya fi sari ka ba ni. Ga kuma wani dalili: a shekarun nan rashin tsaro ya hana waɗansu 'yan'uwanmu zuwa gonakinsu na nesa. Allah ya kawo mana sauƙi. Amma kafin nan, abin da ke bayan ɗaki shi ne a hannu.

Na uku gefen gona, inda tsohuwan nan ta kama ni. Tafasa da lalo da gasaya da yaɗiya ba wanda ke shuka su, Allah ne ke fid da su da ruwan farko, tun gero bai kai gwiwa ba. Su ne suka riƙe mutane a shekarun yunwa. Yau mun ɗauki famfon feshi muna bi da su, gona da gefenta da bakin hanya, har gindin itatuwa. Maganin ciyawa bai san tafasa ba, bai san ƙaya ba. Mai bin saiwa, irin gilifoset, duk koren da ya taɓa sai ya kashe shi har ƙasa. Mai ƙonewa nan take kuwa, irin farakwat, dafi ne wanda in ya shiga cikin mutum ba shi da makari. Wani ganyen ba ya nuna alama sai bayan kwanaki, yarinya ta zo da safe ta tsinka ba ta san an yi feshi jiya ba.

Na san abin da wani zai ce. Zai ce, "Malam, kai albashi ka ke ci. Samari sun tafi cirani, 'yan ƙwadago sun yi tsada, gayya ta mutu. In ban fesa ba ciyawa ta cinye gonar, tafasa ce za ta ciyar da ni shekara?" Wannan magana ce mai nauyi, ban kuwa raina ta ba. Ni da kaina na koya wa manoma feshi, zan kuma ci gaba da koyarwa, gama wanda ke da eka 5 shi kaɗai ba zai iya da fartanya ba. Laifinmu malaman gona shi ne mun koyar da yadda a ke kashe ciyawa, ba mu tsaya mun ce ga wadda za a bari ba. Abin da na ke roƙo kaɗan ne, ba zai rage wa kowa dami ko ɗaya ba.

Ka fesa cikin gonarka, amma ka bar taku 2 ko 3 a gefe, musamman wajen da ke kusa da gari. Kada ka yi feshi ana iska, don yana tashi ya faɗa gonar maƙwabci da bayan gidan mutane. In ka fesa, ka kafa sanda ka ɗaura jan ƙyalle, ka gaya wa mutanen gidanka da maƙwabta. Masu unguwanni da limamai su taimaka a sanar a masallaci, kowa ya san jan ƙyalle na nufin kada a tsinki ganye, kada a yi kiwo. Ka sa wanda ya iya karatu ya karanta maka takardar jikin kwalba, ka bi abin da ta ce. Kwalbar da ta ƙare a huda ta a binne, kada a wanke a zuba man gyaɗa ko kunun yara. Mata kuma, tun da ganyen daji ya soma wuya, ku tara irin lalo da gasaya da rama da kaka, ku watsa a bayan gida, abin da ya yi yawa ku shanya a inuwa ku ajiye. Ganyen da za a ci a wanke shi da ruwa mai tsabta, tafasa a dafa ta sosai a tsiyaye ruwan farko, gama damina lokacin amai da gudawa ne.

Har wa yau ina roƙon magidanta, mu daina kiran abincinmu haki a gaban yara. Yaron da ya ji ubansa na ba baƙo haƙuri don an kawo kwaɗo, zai tashi yana ganin abin da ke cikin leda ya fi abin da ke cikin faifai, ran da ya zama maigida kuwa ba zai kafa zogale ba.

Na koma ƙauyen nan bayan mako guda da rassan zogale 6 a bayan babur, muka kafa su tare da jikokin tsohuwar. Maigidan ya yi mini alkawarin baɗi zai shuka bayan gida, ni ma na yi masa alkawarin kawo iri tun Mayu. Tsohuwar ta ce ba ta yafe mini ba tukuna, sai ta ga tafasa ta dawo bakin gona. Ku taya ni neman yafiyarta, jama'a, kowa ya bar mata taku 2 a gefen gonarsa.

Wanda ke da tambaya kan irin masara mai sauri ko buhun ajiyar wake, ya nemi malamin gona na yankinsa, ko ya rubuto wa filin nan. Mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu yi magana kan tsutsar masara da lokacin da ya dace a duba ta.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya sa mu ga kaka lafiya. Haza wasalam.

Naku,
Malamin Gona, Dogon Daji.